Majinar da ta hana ni shiga ɗakin siminti

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha biyu, aka taɓa yanke min hukunci cewa ina da tarin fuka. Ba likita ne ya yanke ba. A tsakar gidanmu na haya a unguwar Ridina, a babban birnin Chadi, aka yi zaman, a kan tabarma, ana tsinke zogale, kuma wadda ta yi alƙalancin ita ce Hajiya mai gidan. Na san ku, yanzu wasunku za su ce na fara ƙarin gishirin da na saba. Zan ƙara, amma in na zo inda ba wasa za ku gane da kanku.

Gidan namu ɗakunan laka ne masu rufin kwano, 'yan haya iyali biyar, sai ɗaki ɗaya tal na bulo wanda aka zuba wa siminti a sama, shi ne na Hajiya. A shekarun nan na yaƙi babu abin da ya kai ɗakin nan daraja a gidan. Ko yaron da bai iya tsarki ba ya san ƙa'ida: in ka ji bindiga ta fara magana, ka bar takalminka a inda yake, ka ruga ɗakin Hajiya. Kwano ba ya tare harsashi. Ita Hajiya kakanninta ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka tsaya a nan su ɗan huta, har yau ba su gama hutawar ba. Mu kuwa da muka zo daga Najeriya ina goye, baƙi take kiranmu, ko da yake Larabcina ya fi na jikokinta daɗi.

Mahaifiyata turaren wuta take yi, tana da 'yar rumfa a Grand Marché, babbar kasuwar gari. In kun taɓa zuwa bikin da amarya ta wuce amma ƙamshinta ya tsaya gaisawa da mutane, wataƙila aikin Innata ne. Da aka fara raɗe-raɗin cewa 'yan tawaye sun sake tunkaro gari, 'yan kasuwa suka shiga kwashe kayansu, don kowa ya san abin da ke samun rumfa in gari ya rikice. Mahaifina ya tafi Kano sari, hanya ta hana shi dawowa. Inna ta sa aka kwaso mata buhunan sandal da hawi da kajiji aka jibge a ɗakinmu, ta ci gaba da aikinta a nan: daka, tankaɗe, suya da sukari. Kuma ba ko'ina aka jibge su ba sai gefen shimfiɗata. Da buhun kajiji nake matashin kai. Da safe in na kama hanyar lekol, wato makaranta, ƙudan zuma ne ke min rakiya.

Ba a yi mako biyu ba abu ya fara. Ba irin ciwon da za ka nuna wa mutum da yatsa ba ne. Sai dai in ji wani abu yana gangarowa daga can bayan hancina zuwa maƙogwaro, a hankali, kamar dodon koɗi yana saukowa daga bango. In haɗiye, ya dawo. In yi gyaran murya, ya ɗan matsa, ya dawo. In na kwanta kuwa sai tari, da safe kuma atishawa a jere har masu ce min "yarhamukillah" su gaji su bari.

Gyaran muryar nan shi ya fara jawo min baƙin jini. A gidanmu da shi ake sanar da cewa akwai mutum a bayi, igiyar shanyarmu kuwa tana jikin katangar bayin. Sau nawa ina shanya ina gyaran murya, na leƙo na iske maƙwabcinmu tela tsaye da buta yana rawa a ƙafa ɗaya, yana jiran fitowar wanda ba ya ciki. Na rantse da farko ba da gangan nake yi ba. Na daga baya ba zan rantse ba. Sannan ga Hajiya. Duk ranar da ta ɗauko labarin zuwanta aikin hajji, daidai inda take cewa wani Balarabe ya rantse bai taɓa jin mace mai karatu irin nata ba, a nan maƙogwarona yake neman a gyara shi. Ta ɗauka habaici nake mata. Ta ƙullace ni.

Ranar hukuncin, ina tari a bakin ƙofa, sai Hajiya ta ajiye zogalen da ke hannunta ta ce ita fa ta san wannan tarin. Ta yi jinyar ƙanen mijinta har ya rasu, kuma haka nasa ya fara. Ba ta kira sunan ciwon ba, babban tari ta ce, kowa ya gane. Matan gidan suka fara jan 'ya'yansu jikinsu. Wata ta ce ai ita ta daɗe da lura na rame. Ni, da nake cinye tuwona in taya ƙannena biyu nasu ko ba su nema ba.

Inna ta so ta kai ni labtan, wato asibiti, Hajiya ta ce kul. Wai in aka rubuta sunan ciwon a takarda gobe duk Ridina ta ji, kuma wace uwa ce za ta sayi turaren da za ta turara 'yarta amarya daga gidan masu tarin fuka? A rufa asiri, a yi na gida. Inna ta bi. Miji ba ya nan, rumfa a rufe, gidan ba namu ba.

Daga ranar aka ɗaura wa kofina jan zare, aka ware min kwano, hannuna ya fita daga na 'yan uwana. Aka hana ni lekol. Aka kira wanzami ya cire min beli, ya leƙa bakina ya ce ai wani ya riga shi tun ina jaririya, ya karɓi goronsa ya kama gabansa. Sai aka koma hayaƙi. Safe da yamma a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa wasu saiwoyi da Hajiya ta kawo, Inna ta ƙara da turarenta mafi kyau don kar a ce ta yi wa 'yarta rowa, sannan a lulluɓe ni da bargo. Ina ciki ina tari har da hawaye, Hajiya tana waje tana cewa ciwon ne yake fita. Da kifi ce ni, da na yi banda mai tsada.

To, a nan wasa ya ƙare.

Da hantsi abin ya zo. Muka ji dum ɗaya daga nesa, muka ji na biyu ya matso, sai ƙananan bindigogi suka karɓa kamar ana suyar gurjiya. Kowa ya watsar da abin da ke hannunsa. Na bar takalmina kamar yadda aka koya min, kuma duk yaran gidan babu wanda ya riga ni isa ƙofar. Na iske Hajiya tsaye, ta gitta hannunta.

"Ban da ke," ta ce. "Mutum ashirin a ɗaki ɗaya, taga a rufe. So kike ki kashe mu kafin su kashe mu?"

Inna ta iso da ƙannena, ta zube a kan gwiwoyinta. Ban taɓa ganin ta a haka ba.

"Hajiya, ki dubi girman Allah, yarinya ce. Ko a bayan ƙofa ne, zan rufe mata baki da mayafina."

Hajiya ta ce ita Inna ta shigo da yaran maza, ni kuwa in je in shiga ƙarƙashin gado a ɗakinmu, ai Allah yana ko'ina. Na leƙa ta ƙasan hannunta. Duk mutanen da ke ciki sun san ni tun ina rarrafe, wasu sun aike ni kasuwa ya fi a ƙirga, amma duk suka kau da kai. Tela ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa ya zuba masa ido. Ana cikin haka akuyar Hajiya ta zo a guje ta shige ta tsakanin ƙafafunta, ba wanda ya tambaye ta lafiyar ƙirjinta.

Inna ta tura ƙannena ciki, ta kama hannuna muka koma ɗakinmu. Muka shiga ƙarƙashin gado, ta jawo buhunan nan ta kewaye mu da su kamar ganuwa, hancina cikin kajiji tsundum. Duk dum ɗin da aka yi sai kwanon sama ya amsa, ƙasa ta zubo daga bango. Ta rungume ni tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, fuskarta dab da tawa, ni kuwa ina ta yi mata tari a ido. Ku tuna ita ma ta yarda da maganar Hajiya. Na ce mata ta juya kar in shafa mata. Ta ce in yi mata shiru ina katse mata addu'a.

Wajen azahar harbin ya ɗan lafa, sai aka buga ƙofar gida. Wata mata ce, ma'aikaciyar jinya, da farar rigarta a cikin leda. Ta taso daga aiki za ta gida unguwar Goudji a ƙafa, hanya ta gagara. Ba Bahausa ba ce, kuma babu wanda ya taɓa ganinta a unguwar. Ina ƙarƙashin gado ina jin Hajiya tana mata marhaba da lale, tana cewa a matsa wa Madam wuri. Wato akuya ta shiga, baƙuwar da ba a san sunanta ba ta shiga, ni da nake share wa ɗakin nan ƙofa kowace Juma'a ina ƙarƙashin kwano.

Tarina ne ya tona zancen. Madam ta ji shi ta tambayi wane ne a can, aka yi mata raɗa, sai ga ta ta tsallako tsakar gida a duƙe. Ta durƙusa ta leƙo ƙarƙashin gadon, ta ce min da Larabci in fito bakin ƙofa inda haske yake.

Sai tambayoyi. Ina zazzaɓi? A'a. Ina jiƙewa da gumi in na yi barci? A'a. Na taɓa ganin jini in na tofar? A'a. Ƙirjina yana ciwo? A'a. Abinci fa? Nan Inna ta riga ni, ta ce ina ci kamar magina uku. Madam ta mintsini damtsena ta ce ta ga alama. Ba ta da abin awo, sai ta kara kunnenta a bayana ta ce in ja numfashi, ta koma ɗaya gefen, ta sake. Daga nan ta nemi cokali, ta danne min harshe da bayansa, ta juya ni wajen rana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yafito Inna ta ce ta zo ta gani da idonta. Inna ta leƙa. Ga abin nan yana gangarowa a bangon maƙogwarona, fari, cikin natsuwa, ba ruwansa da yaƙin da ake yi a waje.

Ta tambaya ko hancina da idanuna suna ƙaiƙayi, na ce kamar in cire su in wanke. Tun yaushe? Inna ta yi lissafi da yatsu, ta tsaya, ta waiwaya ta dubi buhunan. Madam ma ta dube su, ta matsa ta shinshina ɗaya, ta yi atishawa sau uku. Sai ta tambayi wane magani ake min. Da Inna ta gama bayanin kasko da bargo, safe da yamma, kusan wata guda, baiwar Allahn nan ta zauna daɓas a ƙasa.

Bayanin da ta yi mana gajere ne. Hancina ne ba ya shiri da garin itacen nan da hayaƙinsa, shi ya sa yake ta zubar da majina. Maimakon ta fito ta gaba kamar ta 'ya'yan mutane, tawa ta zaɓi ƙofar baya, tana sauka maƙogwaro, shi kuma yana ta tari don ya kore ta. Ƙirjina, iya abin da kunne zai iya ji, lafiya lau. In hanya ta buɗe a kai kakina labtan a gwada don hankali ya kwanta. Kafin nan a raba ni da buhunan, a daina hayaƙin, a tafasa ruwa da ɗan gishiri in ya huce in riƙa shaƙa ina wanke hanci.

"Turarena?" Inna ta ce, a hankali. Ta dubi tafin hannunta da ya rine da sandal.

Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, murna ta zo min tare da kunya. Na riga na shirya mutuwa mai daraja, har na raba 'yan kunnena a zuci, na zaɓi waɗanda za su yi nadama a kan gawata. Ashe majina ce.

Ba mu gama ba harbi ya dawo, wannan karon kamar a bayan katangarmu. Madam ta damƙi wuyan hannuna, Inna tana biye, muka kwasa a guje. Hajiya ta buɗe, ta gan ni, ta sake gitta hannu. Madam ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, masu ciwon da kike tsoro su nake gani kullum a wurin aiki. Yarinyar nan ba ta da alamarsa ko ɗaya. A cinyata za ta zauna. In ba ta shiga ba ni ma ba na shiga, kuma duk wanda ya ji rauni a ciki ki ɗaure masa da kanki."

Hajiya ta dube ta, ta waiwaya ta dubi jikokinta. Wani dum ya girgiza ƙofar. Ta sauke hannu. Kar ku ɗauka tausayina ta ji. Ta auna ne ta ga ranar yaƙi mai jinya ta fi girman kai amfani.

Ina sa ƙafa a ɗakin da na yi wuni ina mafarkinsa, me zan tarar? Hayaƙi, har ba ka ganin wanda ke ƙurya. Hajiya ta kunna kasko tun hantsi, da turaren Innata, wai don kar ɗakinta ya yi warin jama'a. Na fashe da tari, mata suka ja mayafi suka rufe hanci. Madam ta ɗauki butar tela, ba ta nemi izinin kowa ba, ta juye a kan garwashin. Kasko ya yi cuu. Fuskar Hajiya a lokacin, da za a sayar da hotonta, da na gina nawa ɗakin simintin.

Ba a jima ba ainihin ƙamshin ɗakin ya bayyana: gumin mutum ashirin, ƙafafun tela, zanen jariri, da gudummawar akuya. Duk idanu suka dawo kaina, kamar ni na kawo. Har wata ta yi gunaguni wai da ma an bar ni inda nake. Kwana biyu muka yi a ciki. Kuma a ɗakin nan, wanda na tabbata babu mai warinsa a duk Chadi, a nan na fara jan numfashi mai daɗi. Rana ta biyu da la'asar Inna ta taɓa ni ta ce ta lura tun azahar ban yi tari ba.

Da gari ya lafa Madam ta ɗauki ledarta ta kama hanyar Goudji. Mu kuma muka koma ɗakinmu muka iske rana tana leƙowa ta wata huda a kwano wadda da babu ita. A lekol na ce roka ce, kuma ramin ya kai tayar mota. Gaskiyar magana babban yatsana da ƙyar yake shiga. Amma Inna ta daɗe tsaye tana kallonta. A ranar ta kwashe buhunan nan kaf ta kai zaure, ita kaɗai, ta hana kowa taya ta.

Aka kai kakina labtan, sakamako ya fito babu komai. Na ce ni zan kai wa Hajiya takardar da hannuna. Na yi wanka, na sa kayan sallah, na jira sai da matan gidan suka hallara a tabarma. Na karanta da Faransanci, na fassara da Hausa, na maimaita da Larabci don kar wani ya ce bai ji ba. Hajiya tana tauna goro tana saurare har na kai aya. Sai ta gyaɗa kai.

"To madalla," ta ce. "Hayaƙin nan ya yi aiki."

Matan suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya saka wa Hajiya.

Yanzu shekaruna goma sha bakwai. In Inna za ta yi daka ko suya, ni ake kora waje, wanda shi ne kaɗai ribar da na ci a wannan ciwo. In majinar ta dawo na san ta, ta san ni, ruwan gishiri ya raba mu. Amma duk lokacin da na tuna, ba kofin jan zare ke min zafi ba, ba ma bargon ba. Tambayoyin Madam ne. Duka ba su ɗauki lokacin dafa shayi ba, kuma babu ɗaya a cikinsu da Hajiya ko tela ba za su iya yi min ba. Baƙuwa ce ta tsallako tsakar gida ana harbi ta yi su. Na san tsoro, ni ma na ji shi har cikin hanjina. Sai dai tun ranar na gane cewa mai cewa "na san wannan ciwon" ya fi mai cewa "ban sani ba" haɗari, musamman in mabuɗin ƙofa yana hannunsa.

Har yanzu muna gidan. Kullum da safe ina durƙusawa in gaida Hajiya, don Inna ta ce in ban yi ba sai ta saɓa min. In ta yi baƙi takan nuna ni ta ce wannan yarinyar ita ta tashe ta daga bakin kabari. Ko sau ɗaya ba ta ce min yi haƙuri ba, kuma ina jira. Ta haura sittin, amma na duba ta da kyau, ba zazzaɓi, ba rama, tana cin abinci sosai. Akwai lokaci.